Rakiyar Malam Arzika

Malam Arzika ɗan Hassan, wanda ya rasu a Tambuwal a shekarar 2003, bai taɓa riƙe muƙamin da ya wuce na mai kula da rediyon ofishin gona ba. Abin da ke cikin wannan taƙaitaccen tarihi nasa ya fito ne daga bakin matarsa Hindatu, da na abokan aikinsa biyu da Allah ya ja kwanansu, Gidaɗo da Na'iya, sai kuma wata takarda guda da ya rubuta da hannunsa, wadda iyalinsa suka adana. Inda bakunan suka saɓa, an faɗi haka.

An haife shi a Tambuwal wajen shekarar 1939. Mahaifinsa manomi ne mai koyar da karatun allo idan an kawar da amfanin gona, mahaifiyarsa kuwa 'yar Fakku ce, wani garin noma a ƙasar Kebbe. Ya yi shekara huɗu a elementare, daga nan aka ɗauke shi masinja a ofishin gona na En'e, yana kai takardu ƙauyuka a kan keke. Da yaƙin basasa ya tashi ya shiga soja, aka sa shi a sashen sadarwa, inda ya koyi aiki da rediyon magana. Ya dawo gida a 1974 da igiya biyu a kafaɗa. Shi ya sa har ya rasu abokan aikinsa ba su kiransa da wani suna sai Kofur.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Sakkwato a 1976, kuɗin man fetur ya kawo ayyuka iri-iri ƙauyuka. Ɗaya daga cikinsu shi ne wani shiri na taimakon manoma, wanda a wannan yanki ya buɗe tashoshi huɗu: babbar a Tambuwal, ƙanana a Dogon Daji da Kebbe da Fakku. Kowace ƙaramar tasha tana da sito na takin zamani da iri da maganin ƙwari, da gida mai ɗaki biyu, da malamin gona guda ɗaya. An kuma ba kowace tasha rediyon magana, wanda mutane ke kira oba-oba. Duk huɗun a kan layi ɗaya suke, in ɗaya ya danna ya yi magana sauran ukun suna ji. Arzika aka ɗauka ya riƙe na Tambuwal.

Dokar rediyon gajeriya ce. Ƙarfe takwas na safe ake kunnawa. Kowace tasha tana da minti biyu ta faɗi yawan ruwan da aka yi, da halin da shuka ke ciki, da ko an ga ƙwari, da ko akwai matsala. Babu gaisuwa, babu tambayar iyali. Dokar tana da dalilinta. Rediyon da batirin mota yake aiki, kuma babu inda ake cajin batir sai Tambuwal, inda janareta yake. Motar ofis ce ke zagayawa duk mako biyu ta sauke cikakke ta ɗauko wanda ya yi sanyi. Sauraro ba ya cin wuta sosai, magana ce ke cinye ta. Saboda haka malaman tashoshin nan suka yi shekara biyu suna jin muryar juna kowace safiya, ba tare da ɗayansu ya san ko ɗan'uwansa yana da aure ba.

Dogon Daji da Kebbe sun zauna lafiya. Gidaɗo, wani Bafillace mai sanyin magana, shi ke Dogon Daji. Ɗangiwa, Bakabe daga Argungu, mai yawan barkwanci, shi ke Kebbe. Fakku ce ta ƙi riƙe mutum. Cikin shekara biyu malamai uku suka bar ta. Na farko ya ce zai je duba mahaifiyarsa, bai dawo ba. Na biyu ya bi wani kamfanin gina hanya, domin a shekarun nan mai takardar makaranta ba ya rasa wurin zuwa. Na uku ya ba wani manomi mabuɗin sito ya hau motar kasuwa. Abin da ya tsaya wa Arzika a rai shi ne, kowanensu, ran jajibirin tafiyarsa, da aka zo kan tambayar matsala, cewa ya yi babu.

A watan Afrilun 1979 aka turo na huɗu, Na'iya, saurayi ɗan shekara ashirin da uku daga Tsafe. Tare da takardar turo shi aka aiko da wata daga Sakkwato zuwa ga shugaban ofishin Tambuwal, Malam Atiku, cewa idan wannan ma ya tafi za a rufe tashar Fakku, a kwashe kayanta zuwa Kebbe. Arzika ya san abin da wannan ke nufi fiye da kowa a ofishin. Da damina rafi yakan yanke hanyar da ke tsakanin garuruwan biyu, kuma da damina ne manomi ke bukatar taki da maganin ƙwari. Kawunnansa da 'ya'yansu duk a Fakku suke noma. Hindatu ta ce ranar da ya ga takardar ya shigo gida bai ko cire hula ba, ya ce mata yaron nan ba zai tafi ba, in dai shi ke riƙe da rediyo.

Dabararsa ta farko ba ta yi ba. Ya roƙi Malam Atiku minti goma duk ranar Alhamis bayan rahoto, domin malamai su yi hira. Malam Atiku mutum ne mai bin ƙa'ida, ya girme wa Na'iya da kaɗan, ya yi karatun aikin gona a Zariya. Bai ga amfanin abin ba, amma ya yarda a gwada. Arzika ya yi abin da soja ya koya masa. Ya ja layi a takarda, ya rubuta sunaye bi da bi, ya ba kowa minti uku. Ran Alhamis ya sanar cewa yanzu lokacin hira ne, ya kira Gidaɗo. Gidaɗo ya yi gaisuwa, ya ce ruwa dai kamar yadda ya faɗa ɗazu, ya yi shiru. Ɗangiwa, wanda a kasuwa ba a iya tsayar da bakinsa, ya sake karanta rahotonsa a hankali don ya cika mintinsa. Na'iya ya ce ba shi da abin ƙarawa. Alhamis uku aka yi haka, Malam Atiku ya soke, Arzika bai yi musu ba.

Hindatu ce ta nuna masa inda ya kuskure. Yana ba ta labari da la'asar tana tsince wake a faifai, sai ta yi dariya.

"Malam, kai ko baƙonka ne, in ka dube shi kac ce mai, to ga minti ukku, yi hira, mi za shi ce maka?"

Ta tuna masa zuwan yayanta a makon da ya wuce. Mutumin ya zauna a zaure tun azahar, an yi zancen ruwa, an yi zancen gero, an sha fura, ya yi sallama. Sai da Arzika ya raka shi har bakin hanya, sun tsaya za su rabu, sannan ya ce idonsa na hagu ya fara dushewa, yana son wanda zai kai shi asibiti Sakkwato. Abin da ya kawo shi ke nan tun daga ƙauye. Arzika ya san wannan tun yana masinja: maigari yakan karɓi takarda ya ce komai lafiya, sai ya taka masa zuwa bayan gari sannan ya faɗi abin da ke damun garin. Mutumin ƙasar nan ba ya buɗe cikinsa a lokacin da aka tambaye shi, a gaban jama'a, da sunansa. Yakan bari sai an gama abin da ya tara mutane, an miƙe, ana takawa, babu wanda ke jiran komai daga gare shi. Rediyon ofis yana da zama, amma ba shi da rakiya. Da an gama rahoto sai a kashe, kamar a rufe ƙofa a bayan baƙo tun bai sa takalmi ba.

Abin da ya yi bayan wannan bai nemi izininsa ba, kuma shi ne laifin da ya amsa daga baya. Malam Atiku yakan saurari rahoto a tsaye, ya karɓi takardar ya koma ofishinsa a ɗaya gefen ginin. Wata Litinin a farkon Yuni, da ya fita, Arzika ya danna ya ce, "To jama'a, sai gobe. Ni dai bari in tai in ga akuyar maƙwabcina, ta sake shiga wa maiɗakina rama." Ya saki maɓallin, amma bai kashe ba. Ya zauna yana jin shuuu na layin har minti biyar, babu wanda ya tanka, sannan ya ce a gaida gida, ya kashe.

Washegari ya ce akuyar ta ci igiyar da aka ɗaure ta da ita. Ran Laraba ya ce maƙwabcin ya rantse ba tasa ba ce, alhali tana kwance a ƙofar gidansa. Kullum shiru. Ran Alhamis bai ambaci akuya ba, ya yi sallama kawai ya bar layin a buɗe. Can sai muryar Gidaɗo ta fito daga Dogon Daji, a hankali kamar mai tsoron a kama shi.

"Kofur, wai akuyar nan tana da rai har yanzu?"

Ɗangiwa ya shigo daga Kebbe ya ce Bafillace bai damu da ramar mutane ba, lafiyar dabba kaɗai yake tambaya. Gidaɗo ya ce ai gara dabba, ita ba ta karanta rahoto sau biyu. Ranar sai da Arzika ya katse su da kansa.

Daga nan ya kafa wa kansa sharuɗɗa waɗanda bai taɓa faɗa wa kowa ba sai Hindatu. Ba ya kiran sunan kowa. Ba ya yin tambaya. Ba ya cewa yanzu lokacin kaza ne. In an yi shiru ba ya cike shirun, kuma ranar da babu mai magana ba ya ɗaukarta asara. Takwas da kwata yake cewa a gaida gida. Gidaɗo ya ce shi ya fara kiran wannan ɗan lokaci rakiya. Na'iya ya ce daga bakin Kofur ya fara jin sunan. Ko wane ne, sunan ya zauna.

Na'iya kuwa ya yi mako biyu bai ce uffan ba. Sun san yana nan, domin sukan ji ƙarar maɓallinsa, ya danna ya saki bai yi magana ba. Ɗangiwa ya so ya tsokane shi da suna, Arzika ya aika masa da saƙo ta hannun direban ofis cewa ya ƙyale yaron. Abin da ya buɗe bakinsa babu wanda ya shirya shi. Wata safiya Ɗangiwa yana ba da labarin wani direban babbar mota da ya kawo taki Kebbe, Bakatsine, wanda aka nuna masa hanya ya ce shi ba a koya masa tuƙi, ya je ya kafe a laka har gatarin motar ya nutse. Ya ce haka Katsinawa suke, cika baki a gaba, neman masu turi a baya. Mutanen Tsafe Katsinawa ne na asali, kuma tsakanin Kabawa da Katsinawa akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa. Sai aka ji Fakku ta danna.

"Dama ina mamakin warin kifin da ke fitowa cikin rediyon nan kowace safiya. Ashe Bakabe ne a Kebbe."

"La ila," in ji Ɗangiwa. "Ashe bawana anka aje mini a Fakku wata biyu, ba wanda yag gaya mini. Yaro, ina gaisuwata?"

Na'iya ya ce gaisuwa tana nan, ya zo ya ɗauka da ƙafarsa, in ya iya tafiya a tudu. Gidaɗo ya ce ya yi dariya ranar har mai sharar sito ya leƙo.

Aka yi mako uku ana haka. Aka san Gidaɗo yana da 'ya'ya biyar, aka san Ɗangiwa yana tsoron kunama, aka san mahaifin Na'iya maɗinki ne. Sai wata safiya a tsakiyar Yuli, bayan Na'iya ya ba da rahoto ya ce babu matsala, bayan an yi raha an gaji, Arzika ya ce a gaida gida, hannunsa yana kan makunni, Fakku ta danna.

"Kofur, kafin ka kashe. Ku can, mutanen gari suna aiko muku da tuwo?"

Arzika ya janye hannunsa daga makunnin. Gidaɗo ne ya tambaye shi inda yake kwana. Ya ce a gidan da aka gina, kusa da sito, bayan gari, cikin shingen waya.

"To wa am mai masaukinka?" in ji Gidaɗo.

"Gwamnati," in ji Na'iya.

Babu wanda ya yi dariya. Da aka bi zancen sai ya fito cewa wata uku ke nan yaron yana dafa wa kansa, yana zuwa masallaci a gaisa da shi da mutunci a watse a bar shi, manoma su zo su karɓi taki su yi godiya daga bakin waya su juya. Ba a yi masa wulaƙanci ba ko sau ɗaya, ba a kuma taɓa ce masa zauna ba. Gidaɗo ya ce shi tun ranar da ya sauka Dogon Daji bai kwana a gidan gwamnati ba. Wurin maigari ya fara zuwa, ya ce shi baƙo ne, a ba shi masauki, aka haɗa shi da liman, a zaurensa yake har yau, gidan gwamnati kuwa ya zuba buhunan iri a ciki. Ya ce baƙon da ba shi da mai masauki ba baƙon kowa ba ne. Ba rowa ce ta hana su aiko masa da tuwo ba, kunya ce: wa zai kai ƙwarya gidan da aka kewaye da waya, alhali ba a ce masa baƙon nasa ne ba? Ɗangiwa ya ce shi ma a Kebbe gidan wani aminin kawunsa ya sauka, bai taɓa zaton akwai wanda bai san haka ba sai Bakatsine.

Arzika ya sha faɗa daga baya cewa shi, ɗan 'yar Fakku, wannan bai taɓa zo masa a rai ba, domin duk zuwansa garin a matsayin ɗa yake zuwa, tabarma tana jiransa. Takardar rahoto ma ba ta da gurbin da za a rubuta irin wannan. Malamai uku sun zauna a gidan nan sun tafi, babu wanda ya ji dalili.

Na'iya ya sayi goro ya je gaban maigari, ya yi gaisuwa irin ta wanda ya sauka yau, ya nemi masauki. Ya ce dattijon ya dube shi ya ce sun ɗauka hukuma ce ta hana malamanta cuɗanya da talakawa, shi ya sa suka kama kansu. Aka haɗa shi da wani tsoho manomi mai babban zaure a tsakiyar gari. Rediyo da kayan aiki suka zauna a sito, yana zuwa da safe.

A nan kuskuren Arzika ya cim masa. Ya lissafa kwata ɗin awa, amma bai lissafa cewa wanda ya fi kowa shiru zai koma wanda ya fi kowa magana ba, kuma tasharsa ce mota ba ta kaiwa in ruwa ya yi yawa. A makon farko na Agusta aka kwana biyu ana ruwa, rafi ya cika, motar ofis ta juyo daga Kebbe da batirin Fakku a cikinta. Ran Talata aka kira Fakku, shiru. Laraba shiru, Alhamis shiru. Malam Atiku ya ce ya san wannan shirun, sau uku yana jin irinsa. Ya zauna ya rubuta wa Sakkwato cewa malamin Fakku ya bar aiki, ya sa a ambulan, motar wasiƙa kuwa ran Asabar take tashi.

Arzika ya shiga ofishinsa ya tsaya kamar a fareti, ya faɗi duk abin da ake yi bayan rahoto tun watan Yuni. Ya ce yaron bai gudu ba, batirinsa ne ya mutu, kuma shi ya jawo. Ya roƙi a riƙe takardar zuwa safiyar Asabar. Malam Atiku ya yi fushi ƙwarai, amma ba ya ɗaga murya. Ya ce ƙarfe takwas na Asabar shi da kansa zai zauna gaban rediyo. In Fakku ba ta amsa ba takarda za ta tafi, in ta amsa ma akwai wata takardar da ke jiran Arzika.

Ran Juma'a da sassafe ya ɗaure batir a bayan babur ya kama hanyar Kebbe. A can ya bar babur wurin Ɗangiwa, aka samo masa jaki. Da suka kai rafi jakin ya ƙi shiga. Ya naɗe batirin da buhun leda, ya yi gammo da rigarsa, ya ɗora a ka, ya shiga ruwa har ƙirji, yana bin wani manomi da ya san mashigi. Yana da shekara arba'in a lokacin. Sauran tafiyar a ƙasa ya yi ta, da kayan a ka, yana saukewa yana hutawa. Bayan la'asar ya isa sito. Ya tarar da gidan gwamnati a kulle, ciyawa ta tsiro a bakin ƙofa. Ya ce wa Hindatu a nan ya ɗauka yaron ya tafi, domin bai san ko shawarar Gidaɗo ta yi aiki ba. Yaron bai sake tayar da zancen ba, shi kuma bisa sharaɗinsa bai tambaya ba. Yana tsaye sai ga wata tsohuwa da itace a ka. Ya tambaye ta malamin gona. Ta ce, "Malaminmu? Yana cikin gari," ta kwatanta masa gidan.

Ya same shi a zaure cikin mutum shida, an sa ƙwaryar dafaffiyar gyaɗa a tsakiya, ana gardama kan ko tsutsar da ta fito a gero ta bana ce ko ta bara. Wannan ne ganinsu na farko ido da ido. Na'iya ya ce bai gane shi ba sai da ya yi sallama, ya ji muryar. A hanyarsu ta zuwa sito haɗa batir ya gaya masa cewa ranar da ya yi tambayar tuwo akwatinsa a ɗaure yake, motar kasuwa kawai yake jira.

Safiyar Asabar Fakku ta amsa. Malam Atiku ya yaga takardar Sakkwato, ya rubuta ta tuhuma. Ya kuma sa aka kawo masa kujera ɗakin rediyo, da an gama rahoto ya miƙa hannu ya kashe da kansa.

Amsar da Arzika ya rubuta ita ce takardar da iyalinsa suka adana, da Hausa, shafi ɗaya. Bai kare kansa ba. Ya rubuta: "Na karya doka da sanina, kuma na jawo Fakku ta yi kwana huɗu babu magana. Hukuncin da aka ga ya dace na karɓa. Amma ina roƙon a duba cewa mutum uku sun ce babu matsala sun tafi, na huɗu ma haka ya ce." Ya kawo shawara biyu: a rage maimaita sunan tasha sau uku da ake yi kafin kowane rahoto, wanda ke cin kusan rabin lokacin, kuma shi zai riƙa kai batirin Fakku da kansa duk ranar da mota ta kasa.

Malam Atiku ya riƙe takardar mako guda yana kashe rediyo da hannunsa. A makon nan rahoto ya koma yadda yake a da, kowa minti biyu, kowa babu matsala. Ran Litinin ta biyu ya kira Arzika. Ya ce ya karanta, kuma bai ce ƙarya ne ba. Amma ba zai iya rubuta wa Sakkwato cewa a sa hira cikin dokar rediyo ba. Ko ya rubuta ba za su sa hannu ba. Iyakar abin da zai iya shi ne ya nemi a maido da minti goma na Alhamis, a rubuce, da sunan tattaunawar ma'aikata.

"Ranka shi daɗe, kada a rubuta," in ji Arzika. "Mun gwada rubutacciya, kai kanka ka ji yadda ta ƙare. Abin da nika roƙo ƙarami ne. In anka gama rahoto, ka karɓi takardarka ka koma ofis, awa yadda ka saba."

"Ka san gargaɗin nan zai shiga fayil ɗinka ko na koma ko ban koma ba."

"Na sani, Yallaɓai."

Gargaɗin ya shiga, kuma shi ya tsaya masa a gaba sau biyu da aka zo ƙarin girma. A matakin da aka ɗauke shi ya yi ritaya a 1989. Damina huɗu yana kai batir Fakku a ka. Malam Atiku bai taɓa cewa ya yarda ba. Washegarin maganarsu dai ya saurari rahoto a tsaye, ya karɓi takarda, ya ce wa masinja ya mayar da kujerar ofishinsa, ya fita ya ja ƙofa.

A watan Disamba, bayan an gama girbi, Sakkwato ta aiko tana tambaya ko malamin Fakku yana son a canja masa wuri, domin in yana so za a bi shawarar farko a rufe tashar. Malam Atiku ya ba Arzika takardar ya karanta a lokacin rahoto. Na'iya ya ce ba ya bukata. Arzika ya rubuta amsar kamar yadda aka faɗe ta, amma bai kai wa Malam Atiku nan take ba. Ya yi sallama, ya bar layin a buɗe, ya jira.

Ɗangiwa ya fara da ƙorafin sanyi. Gidaɗo ya ce ɗansa na uku ya sauke izu goma. Sannan Fakku ta danna.

"Kai Bakabe, dashen mangwaron nan da ka ce kana renonsu a bayan sito, sun kai a cire?"

Ɗangiwa ya ce sun kai, amma ba na bayi ba ne, kuma mangwaro sai ya shekara biyar kafin a ci, me Bakatsine zai yi da shi?

"Mai masaukina ya yanka mini fili a bakin fadama. Ka aiko mini da guda takwas in Kofur zai zo."

Arzika ya ce a gaida gida, ya kashe rediyo, ya ɗauki takardar ya kai wa Malam Atiku ya sa hannu.